Yadda za ka gane jita mai kyau kafin ka biya, da fikof ɗin da zai yi maka aiki a ƙauye

Wani ƙanena a nan garinmu ya sayar da tunkiyarsa ya ce shi dai jita zai saya, ya zo ya same ni gindin darbejiyar ƙofar gida yana ta nuna min hotuna a waya, wai Yaya wacce ta fi, baƙar nan ko mai ruwan zuma? Na ce masa kai yaro, duk cikinsu babu wacce zan iya ce maka komai a kanta, ka taɓa ganin an sayi sa a kasuwar Wudil ranar Juma'a daga hoto? Ai sai an buɗe baki an ga haƙori, an ja shi an ga tafiya. Toh jita ma haka take. Tun ranar nake ta cewa zan zauna in rubuta ɗan abin da na sani, don ni kaina jitata ta farko ido ne ya saya min ita, tana ta ƙyalli a wani shago a Sabon Gari, na biya na ɗaure ta a bayan mashin har gida, hunturu ɗaya ta yi, wata safiya na tashi na tarar jakinta ya ɗage fuskar ta tsage tun daga jaki har gindi. Wallahi ranar ko koko ban iya sha ba.

Bari mu fara daidaita sunaye don kar in yi ta magana kana tunanin wani abu daban. Wuya dai ka san shi, ƙarafunan da aka jera a kansa su ne firet. Katakon gaba mai ramin nan ni fuska nake ce masa. Baƙin katakon da aka manna a kan fuska inda tsirkiyoyi suke ƙarewa shi ne jaki, kamar dai yadda masu garaya da goge suke kiran nasu, sannan farin abin da ke zaune cikin jakin wanda tsirkiya take hawa kansa shi ne ƙashi, ko da na roba ne haka muke ce masa. Abin murɗawa na sama kuma kunnuwa.

Ranar da za ka shiga birni ka tafi da katin ATM guda huɗu ko duk wani kati mai irin kaurinsa, ka ari na 'yan gida, da 'yar takarda, da doguwar rula in kana da ita, sannan ka sauke manhajar saita jita a waya tun daga gida don cikin kasuwa netwok sai a hankali. Kuma in da hali ka tafi da wanda ya iya kaɗawa.

Abu na farko wuya, don shi ne in ya lalace babu mai gyara maka a nan kusa. Ka sa a saita jitar tukuna, kar ka yarda ka duba ta tsirkiya a sake, masu shago da yawa suna sassauta tsirkiya ne don aibin ya ɓuya, tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su daidai suna jan wuyan nan da nauyin da ya kai wajen kilo 70, kaga kenan sai an ɗora mata kayanta za ka san ko tana iya ɗauka. Ka ɗaga ta ka leƙa daga wajen kunnuwa zuwa ƙasa da ido ɗaya kamar mai duba miƙewar azara. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, ana ma son sa. Abin gudu shi ne murɗewa, wato ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi kamar ƙyauren da ruwa ya daka, in ka ga wannan ka ajiye ta kawai ko kyauta ce sai dai ka rataye a ɗaki don ado. Sai ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da hannu ɗaya, ɗaya hannun ka danne ta a firet na 14, ka kalli tsakiya wajen firet na 7, ya kamata a samu 'yar tazara siririya kamar kaurin katin waya na takarda. In tsirkiyar ta kwanta ɗam a kan ƙarfen wuyan ya koma baya, za ta yi ta zizar ƙudan zuma, in kuma tazarar ta yi yawa ya rusuna gaba. Duka biyun ana gyarawa da wani dogon ƙarfe da ke cikin wuyan, in ka leƙa ta ramin fuska ko ta wajen kunnuwa za ka ga kansa, da alanki ake juya shi. Ka ce wa mai shago ya ɗan juya a gabanka ka tabbatar yana aiki, don na gwanjo da yawa an riga an cinye kan. Kai kuma in ka koma gida kar ka taɓa wuce kwatan zagaye a lokaci ɗaya, ka juya ka bar ta ta kwana ka sake dubawa.

Daga nan sai tsayin tsirkiya, wanda shi ne yake sa yara da yawa su daina koyo su ce jita ba tasu ba ce alhali kayan ne ba shi da kyau. A firet na 12, tsakanin saman ƙarfen da ƙasan tsirkiya mai kauri ana son wajen milimita 2 zuwa 2 da rabi. Katin ATM ɗaya kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka uku in ka haɗa sun ba ka wajen 2.3, ka zura su, in sun shiga suna ɗan gogar tsirkiya to alhamdulillahi. In huɗu suka shige suna lilo, yatsunka za su ci wuya. Amma kar ka gudu tukuna, ka kalli ƙashin jaki, in yana da sauran tsayi a waje ana iya goge ƙasansa a rage. In kuwa an riga an cinye ƙashin har ya kusa nutsewa cikin jaki kuma duk da haka tsirkiya tana sama, to wuyan ne ya fara kifowa daga inda ya haɗu da jiki, wannan aikin ƙwararru ne kuma kuɗinsa ya fi jitar. Da rular nan ma za ka gane, ka kwantar da ita kan firet ka tura zuwa jaki, in bakinta ya hau daidai saman katakon jakin lafiya, in ya je ya tokari tsakiyarsa akwai matsala. Wannan lissafin na mai tsirkiyar ƙarfe ne fa, mai tsirkiyar roba irin Yamaha C40 dama can tata tana da tsayi, milimita 3 zuwa 4 ba komai ba ne a wajenta. Kuma tunda na ambace ta, dan Allah kar wani ya ce maka ka cire robar ka sa mata ƙarfe don ta fi ƙara, ba a gina ta don wannan nauyin ba, jakin zai tashi ne kawai.

Jakin kuwa da takardar nan za ka gwada shi, ka nemi zura gefenta ƙarƙashin bayan jaki, in ta shiga ko yaya gam ya fara saki. Ka shafa tafin hannunka bayan jakin, ɗan tudu kaɗan dole ne, amma in ya kumbura kamar cikin akuyar da ta yi ɓarna a gonar wake, gaban jakin kuma ya lotsa wajen rami, a bar ta.

Yanzu maganar katako, inda ake yawan cutar mutane kuma inda ra'ayina ya ɗan bambanta da abin da za ka ji a YouTube. Fuska iri biyu ce, akwai ta tsantsar katako akwai ta filawud wato siraran katako da aka manna hawa-hawa. Yadda za ka gane, ka kunna tocilan waya ka kalli kaurin katakon a bakin rami, in layukan katakon da kake gani a sama sun gangara har ƙasa ta cikin kaurin to tsantsa ce, in ka ga hawa uku kamar filawud ɗin kafinta to shi ne, wasu kuma sai su shafe bakin da baƙin fenti don kar ka gani. A takardar kamfani in ba su rubuta kalmar solid ba to filawud ce ko wane daɗin baki aka yi, misali Yamaha F310 filawud ce, FG800 kuma tsantsa, Fender CD-60S ma fuskarta tsantsa ce. Yawanci fuskar da itacen sufurus ake yi, farin nan na ƙasashen sanyi, ko sida mai ɗan ja, baya da gefe kuma sau da yawa mahogani, wanda wani irinsa ma ɗan uwan maɗacinmu ne na nan Afirka. Tsantsar katako ta fi murya, babu musu, sautinta yana buɗewa yana daɗewa. Amma masu yin jita suna gina ta ne don iskar da ke da danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a nan daga Disamba zuwa Fabrairu danshin yana sauka ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe da diddige suke tsagewa, toh katako ma haka yake yi, yana ƙanƙancewa ya tsage. Sai damina ta zo a watan Agusta ya sha ruwa ya kumbura tsirkiya ta yi sama. Ga kuma zafin Afrilu a ɗakin kwano da yake sassauta gam. Filawud duk wannan bai cika damunsa ba. Shi ya sa ni in ka ce min a ƙusa za ka rataye ta a shago, yau tana wajen wannan gobe wajen wancan, zan ce ka sayi filawud mai kyau hankalinka kwance. In kuma za ka iya sayen akwati ko jaka mai kauri, ka riƙa jiƙa soso ka matse shi sosai ka sa a gidan sabulu mai huji ka ajiye cikin jakar duk hunturu kana sake jiƙawa bayan kwana biyu uku, to sayi tsantsar, za ka ji daɗinta. Sosai fa za ka matse, kar ruwa ya ɗiga a katako.

Wani abu kuma, sunan da ke rubuce a kai kar ya ruɗe ka, jabu sun cika kasuwa, sitika ce kawai ake mannawa. Ka leƙa ciki da tocila, ko ka zura wayar ka ɗauki hoto, ta gaske aikin cikinta tsaf yake, sandunan da aka gicciya ƙarƙashin fuska a goge suke babu gam yana dalala ko'ina, jabu kuwa ciki kamar an yi da fushi. Ka ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa wuri-wuri, in wani waje ya ba ka ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya to wata sanda ta saki a ciki.

Sai sauti. Ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙasa, eh zai ɗau lokaci mai shago zai fara tsaki, ƙyale shi kuɗinka ne. Kana neman inda take ziza ko inda sauti yake mutuwa nan take. Sannan ka buɗe manhajar nan, ka kaɗa tsirkiya a sake ka ga harafin da ta nuna, ka danne a firet na 12 ka sake kaɗawa, dole harafi ɗaya za ta nuna kuma allurar ta tsaya kusa da tsakiya. In ta kauce sosai a duk tsirkiyoyin to an manna jakin ba a wurinsa ba, irin wannan jitar ko shekara ka yi kana saitawa kana hawa sama za ta yi maka ƙarya. Sai dai tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ma tana jawo haka, in kana son jitar da gaske ka sayi sabon saiti a ɗaura a sake gwadawa. Daga ƙarshe ka miƙa wa abokin tafiyarka ya kaɗa kai ka koma gabansa taku huɗu ka saurara, don abin da mai kaɗawa yake ji daban abin da jama'a suke ji daban. Kunnuwa masu santsi, bakin firet mai yankar hannu, ƙashin roba, duk waɗannan ƙananan abu ne ana canzawa, ka yi amfani da su wajen neman ragi kawai.

Girma ma a duba, babbar nan da ta fi yawa a kasuwa ana ce mata dirednot, kamfanin Martin na Amurka ne ya fara yin ta a 1916 aka sa mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila, to ka ji dai daga sunan. Tana da ƙara amma yaro ko mai ƙaramin jiki kafaɗa za ta riƙa yi masa ciwo.

Toh mu zo kan fikof, ba a-kori-kura nake nufi ba, na'urar da ke ɗaukar sautin jita ta kai wa sifika. Kafin komai ka tambayi kanka a ina zan kaɗa? In a ɗaki ne kana ɗaukar bidiyo don TikTok ba ka buƙatar fikof sam, ka ajiye waya ko makirufo kamar taƙi ɗaya daga wajen firet na 12, ba saitin ramin ba don can sai gurnani, za ka samu sautin da babu fikof ɗin da zai ba ka. Fikof na mai fita fili ne, biki, taron makaranta, coci, inda akwai janareta da DJ da manyan sifiku. Kuma ka sani shi fikof ɗan aike ne, abin da jita ta faɗa shi zai kai, mai ziza in ka sa mata fikof zizar ce duk gari zai ji.

Wanda na fi ba mutanenmu shawara shi ne na maganaɗisu, wanda ake maƙalawa a bakin rami a ɗaure da 'yan sukurori biyu, babu huda babu yanka, in ka sayar da jitar ka cire abinka. Waya ce aka naɗa a jikin maganaɗisu, tsirkiyar ƙarfe tana rawa a kansa sai ya haifar da 'yar wuta. Saboda tsirkiya kawai yake ji ba jikin jita ba, shi ya fi kowanne jure ƙarar fili ba tare da sifika ta yi kukan nan mai huda kunne ba. Sautinsa ya ɗan karkata wajen jitar lantarki, masu son salon mutanen Agadas ma daɗi zai yi musu. Manyan su ne irin Fishman Rare Earth da LR Baggs M1, sai Seymour Duncan Woody mai ɗan sauƙi, sai kuma na Chana marasa suna waɗanda wani ya yi kyau wani ya zama asara, sai an gwada. Abu biyu za ka kula. Na ɗaya ba ya aiki da tsirkiyar roba ko kaɗan, kuma kar ukun saman nan masu ƙyalli su ruɗe ka, tagulla ce aka naɗa a kan zare, ka kawo maganaɗisun tsohuwar sifika ka gwada ba zai kama ba. Na biyu, akwai mai naɗi ɗaya akwai mai naɗi biyu da ake kira hambaka. Mai naɗi ɗaya yana kwasar gurnanin wuta, huuuum ɗin nan da kake ji in an tada inji ko an jona cajar waya ta banza kusa, mai biyun an yi shi ne don ya kashe wannan gurnanin. Mu da kusan duk taronmu da janareta ne, hambaka za ka nema ko da ya fi tsada. Ka auna faɗin raminka ma kafin ka tafi, na manyan jita wajen santimita 10 ne, ƙananan jita wani fikof ɗin ba ya shiga.

Na biyu shi ne fiyezo na ƙarƙashin ƙashi, wani siririn abu kamar tsinken tsintsiya da ake kwantarwa cikin ramin jaki ƙashi ya zauna a kansa. Akwai wasu duwatsu da in an matsa su suke fitar da wuta, wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano haka a 1880, irinsa ne ma a cikin laita mai ƙyas ɗin nan. Kusan duk jitar da ka gani da ɗan akwatin batir a gefe wannan ne a cikinta, kuma yana aiki da ƙarfe da roba duka. Aibinsa in ka daki tsirkiya da ƙarfi sai ya yi wani kwas-kwas kamar roba, sannan sa shi sai mai haƙuri, dole ƙasan ƙashin ya zama shafe ɗaya, a shimfiɗa samfefa kan gilashi a goge, a kuma rage masa daidai kaurin fiyezon in ba haka ba tsirkiya za ta ƙara tsayi. In aka yi aikin gaggawa sai ka ji tsirkiya huɗu suna ihu biyu suna raɗa.

Akwai kuma na mannawa a jikin katako. Mai kyansa irin K&K Pure Mini ne, 'yan fayafai uku da ake mannawa ta ciki daidai ƙarƙashin jaki, ba ya cin batir, kuma sautinsa ya fi kama da jitar kanta, har bugun da kake yi da hannu a jiki yana ɗauka. Amma tunda jikin yake saurare, in sifika ta daki jikin shi ma zai ji, kuka ya tashi. A cikin coci ko ɗakin taro inda ba a ƙure ƙara yana da daɗi sosai, a filin biki kuwa sai ka yi ta faɗa da shi. Ɗan faifan nan mai araha da ake mannawa ta waje ma danginsa ne, in shi kuɗinka ya kai ba laifi, ka dai yi ta matsar da shi a bayan jaki kana saurare har ka samu inda ya fi daɗi kafin ka manna, kuma ban da sufa gulu a kan fenti. Masu makirufo a ciki irin LR Baggs Anthem ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba, suna da kyau matuƙa, kuɗinsu ya fi jitar yawancinmu, kuma ba don sifikun DJ na ƙauye aka yi su ba.

Ga wani abu da ya daɗe yana ba ni wahala kafin in gane. Ka sayi fiyezo marar batir, a shago ya yi daɗi a amfilifayar jita, ka zo gida ka jona a miksar DJ sai ka ji sauti siriri kamar rediyo mai mataccen batir. Ba lalacewa ya yi ba. Fiyezo kamar rijiya ce mai ƙaramin ido, in ka ɗiba da guga a hankali za ta ba ka ruwa, in ka zura mata injin ban ruwa nan take ta ƙafe. Shi yana son ramin jona waya da ba ya zuƙa da yawa, mai juriya wajen om miliyan ɗaya, ramin miksa na gama-gari kuwa wajen om dubu goma ne, sai ya zuƙe shi, kuma kaurin sautin ne yake fara tafiya. Maganin, ka duba miksar ko akwai rami da aka rubuta Hi-Z ko aka zana hoton jita, in babu sai ka sayi firi'am, wato 'yar na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ko ɗan akwatin daidaita sauti da ake kira DI mai amfani da wuta ka sa tsakanin jita da miksa, marar wutar ba zai warware maka wannan ba. Akwatin DI yana da wani amfanin kuma, wayar jita in ta wuce mita 5 zuwa 6 tana fara kwasar hayaniya, shi kuma sai ya mayar da ita irin wayar makirufo mai baki uku wadda take tafiya nesa lafiya.

Mai batir kuma ya huta da wannan amma ya ɗauko wani. Batir ɗin mai kusurwa huɗu ne mai bolt 9, ba za ka same shi a tireda ta ƙauye ba, ka sayo biyu tun daga birni. Kuma muddin waya tana jone a jikin jita batir yana ci ko ba ka kaɗawa, ka zare in ka gama, in za ka ajiye ta wata guda ka cire batir ɗin gaba ɗaya don zafi yana sa shi yoyo. Jitoci masu araha da suke zuwa da akwatin a jiki, ka sa a jona a shago, ka ja kowane maɓalli sama da ƙasa, ka girgiza wayar a bakin jak, wato ramin da ake jona ta a jikin jita, ka ji ko tana ƙaraf-ƙaraf, ka kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya ka ji ƙarfinsu ɗaya ne. Ni dai a ganina in kuɗi ɗaya ne gara ka sayi marar akwati, don kuɗin ya tafi a katako, daga baya ka maƙala na maganaɗisu. Kuma kar ka bari a yanke maka gefen jita mai kyau don a cusa akwatin Chana. In ma huda za a yi ta gindi don jak, rami ne na wajen milimita 12, a manna salatif a wurin, a buɗa a hankali mataki-mataki, ban da kafintan da zai zo maka da ƙusa da guduma, na taɓa ganin wanda aka tsaga masa gindin jita gida biyu a haka.

Ranar taro ka je da wuri. DJ ɗinmu Allah ya ba su son bes da eko, ka lallaɓa shi ka ce Malam don Allah layina a mayar da komai tsakiya tukuna, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Kar ka tsaya gaban sifika, ka koma gefe ko baya. In gurnani ya fara tashi a rage bes, in fikof ɗinka yana da maɓallin da aka rubuta phase ka danna sau da yawa shi kaɗai ya isa, akwai kuma murfin roba da ake toshe ramin fuska da shi ga masu fiyezo, yana taimakawa sosai. Sannan in ka ji makirufo ko bakin jak yana ɗan cizonka ka tsaya a gyara wutar, yawancin injinan taro ba a sa musu wayar ƙasa, kar ka kaɗa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Shi ƙanen nawa dai daga ƙarshe tare muka shiga Sabon Gari, mun duba jita bakwai, baƙar da yake so kati huɗu suka shige har da sarari, muka dawo da wata tsohuwar filawud mai ƙujewa a gefe wadda wuyanta yake miƙe kamar kara, da hambaka na bakin rami, canjin da ya rage ya sayi saitin tsirkiya biyu da waya mai mita 5. Jakar ce kuɗin bai kai ba, yanzu a cikin tsohon bargon Inna take kwana ƙarƙashin gado, ita kuma Inna kullum sai ta tambaye shi yaushe zai dawo mata da bargonta kafin sanyi ya shigo.